Aikin dare na kamfaninmu yana cin awa biyar, mu sayi sabuwar saba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin rubuta manhaja a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Muna da manhajar Java da ke tashi ƙarfe biyu na dare, bayan rassa sun gama turo cinikinsu, ta bi layuka kusan 800,000 tana lissafa haraji da ragi da kamashon dillalai, ta zuba a rumbun bayanai na Oracle. A kan kowane layi tana yi wa rumbun bayanai tambaya shida: kayan, farashinsa, mai saye, reshe, haraji da kason dillali. Da awa biyu take yi, yanzu ta kai biyar, har masu lodi kan iso da safe su tarar ba ta gama ba. Mai kula da rumbun ya ce kowace tambaya ba ta kai milisakan ɗaya ba, kuma indes, wato fihirisar da ke saurin nemo layi a tebur, duk yana nan. Oga ya ce a sayi babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗaukar aikin. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka roƙi oga ya mayar da kuɗin saba aljihu tukuna, domin amsar tana cikin lissafin da kai da kanka ka kawo. Layi 800,000 sau tambaya shida, tambaya miliyan 4.8 ke nan a dare ɗaya. Mu ƙaddara kowace tana cin milisakan uku tun daga fitarta daga manhajarka har dawowarta. Ka ninka, za ka samu daƙiƙa 14,400, wato awa huɗu cur. Ka ga ke nan daga cikin awa biyar ɗinka, ainihin lissafin haraji da kamasho bai wuce awa ɗaya ba, sauran duk zuwa da dawowa ne.

Mai kula da rumbun bai yi maka ƙarya ba. Abin da yake gani shi ne lokacin da Oracle ya ɓata bayan tambayar ta iso hannunsa. Ba ya ganin lokacin da direban JDBC, wato mai haɗa Java da rumbun, ya ɗauka yana shirya ta, da tafiyarta a kan netwok, da jiran amsa, da kwance amsar a wajenka. Ka ɗauki mai tuwon biki da ke aiken yaro kantin bakin layi duk lokacin da take buƙatar magi ƙwaya ɗaya. Mai kanti zai iya rantsewa bai taɓa tsayar da yaron ba, yana zuwa yake miƙa masa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma baƙi za su ci tuwo bayan isha'i. Sayen babbar saba tamkar a ɗauko wa mai kantin yaron shago ne mai zafin hannu, alhali nisan da ke tsakanin gida da kanti yana nan yadda yake.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya na manhajar, ka tabbatar da wannan da idonka, don ni hasashe nake daga nesa. Ka roƙi mai kula da rumbun ya duba maka V$SQL, inda Oracle ke nuna tambayoyin da aka yi masa, da safe, ya jera tambayoyin bisa ginshiƙin EXECUTIONS, wato sau nawa aka yi kowace, maimakon bisa wadda ta fi nauyi. Idan kuna da lasisin Diagnostics Pack, rahoton AWR, wato rahoton aikin rumbun, na tsakanin ƙarfe biyu da bakwai yana da sashen da ya jera su bisa yawan kira. Idan ba ku da shi, kada ya taɓa AWR ɗin, takwaransa Statspack kyauta ne kuma zai wadatar. Wanda ya fi duka shi ne a kunna bin sawu na 10046 a kan zaman manhajar na minti goma, a wuce da fayil ɗin ta tkprof, manhajar Oracle mai taƙaita shi. Idan ka ga mafi yawan lokacin ya taru a kan jiran da ake kira SQL*Net message from client, ma'anarsa Oracle ne ke zaune yana jiranka. Masu rumbun PostgreSQL kuma su duba ginshiƙin calls a pg_stat_statements, magana ɗaya ce.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka rubuta tambayoyin shida, a gaban kowace ka sa lamba biyu: sau nawa aka yi ta, kuma amsoshi nawa daban-daban take iya bayarwa. Ban san kamfaninku ba, amma bari in yi misali. A ce rassa goma sha biyar ne, nau'in haraji uku, dillalai ɗari biyu, kaya dubu tara, masu saye dubu sittin. To an tambayi sunan reshe sau 800,000 don a ji amsa goma sha biyar. Wannan takardar ita za ta gaya maka maganin kowace tambaya, domin ba magani ɗaya ne zai yi musu duka ba.

Abin da nake fara gwadawa kullum shi ne in mayar wa rumbun aikinsa. Haɗa teburori shi ne sana'ar da aka gina Oracle dominta. Maimakon ka karanto layin ciniki sannan ka koma ka tambayi kayansa da reshensa, ka rubuta SELECT ɗaya da ya haɗa teburin ciniki da na kaya da na reshe da na mai saye ta hanyar JOIN, kowane layi ya zo maka da kayan aikinsa a jikinsa. Idan Oracle ya ga za a bi layuka masu yawa, yakan karanta ƙaramin tebur sau ɗaya ya gina masa jadawalin hash a memori, sannan ya bi babban yana daidaitawa. Wato ainihin abin da kake shirin rubutawa da hannu, shi ya daɗe da iya shi.

Amma JOIN yana da ramuka biyu da na sha ganin mutane sun faɗa. A tsohuwar manhajarka, idan layi ya zo da lambar kayan da babu ita a teburin kaya, akwai abin da ke faruwa: ko a rubuta shi a fayil ɗin kurakurai, ko a tsaya. Idan ka yi JOIN na yau da kullum, layin zai ɓace shiru, ba ƙara ba hayaniya, sai ƙarshen wata akanta ya zo yana neman cinikin da ya yi ɓatan dabo. Saboda haka LEFT JOIN za ka yi, ka duba wanda ya dawo babu abokin haɗi, ka yi masa abin da ake yi masa da can. Rami na biyu kishiyar wannan ne. Idan teburin farashi yana da layi biyu na kaya ɗaya, tsohuwar manhajar mai yiwuwa na farko take ɗauka ta wuce, shi kuwa JOIN zai fito maka da cinikin sau biyu, a biya dillali kamasho biyu. Ka ƙirga layuka kafin haɗi da bayan haɗi. Idan ba su zo daidai ba, kada ka ci gaba.

Wani lokaci JOIN ba ya yiwuwa. Ko dokar zaɓen farashin ta yi sarƙaƙiya an binne ta a cikin Java, ko teburin yana wani rumbu daban, ko kuma manhajar ta tsufa har kowa yana tsoron babbar tambayarta. Nan ne ajiyar hannu take shigowa, wadda masu sana'ar ke kira kash. Ga ƙananan teburori irin rassa da dillalai da kaya, ba sai an yi wata dabara ba: manhaja tana tashi ta karanto teburin gaba ɗaya sau ɗaya ta zuba a HashMap, wato ma'ajin Java da ake nemo abu a cikinsa da mabuɗi, daga nan duk mai neman reshe ya duba cikin gida. Mutane kan ji tsoron memori a nan, alhali lissafin ba ya ban tsoro. Kaya dubu tara, ko kowane ya ci bayit ɗari biyar, megabayit huɗu da rabi ne, hoto ɗaya na wayarka kan kai haka. Sharaɗin kawai ka ɗauko ginshiƙan da kake buƙata, ka guji SELECT *, mai kwaso duk ginshiƙai, da dogon bayanin kaya.

Wannan dabara ta girme mu duka. Masu rubutu da tsohon yaren manhaja COBOL a kan manyan kwamfutocin IBM sun daɗe suna loda irin waɗannan teburori a WORKING-STORAGE da OCCURS, a jere bisa mabuɗi, su neme su da SEARCH ALL, wanda ke raba jerin biyu yana jefar da rabi har ya iske abin nema. Ko jerin ya kai miliyan, kwatance ashirin ya isa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zo ya ce muku sai an sayo wani sabon kayan aiki kafin a yi.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, domin nan ne ajiyar hannu take cin mutane. Saurin ba shi da wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne mabuɗin da za ka ajiye amsar a ƙarƙashinsa. Ƙa'idar ita ce, duk abin da ke cikin WHERE, wato sharaɗin tsohuwar tambayar, dole ya shiga mabuɗin, ba ragi. Idan tambayar farashi tana duba lambar kaya da ajin mai saye da ranar ciniki, to mabuɗin ma ukun nan ne.

Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan. A wani wuri da na yi aiki, na gyara irin wannan manhaja, na ajiye farashi bisa lambar kaya kaɗai, domin a rumbun gwaji duk masu sayen aji ɗaya ne. Aikin da ke cin sa'o'i ya koma 'yan mintuna, aka yi ta sa min albarka. Ashe a rumbun gaske akwai farashin 'yan sari da na masu sayen ɗai-ɗai. Duk wanda ya fara sayen kaya a daren, farashinsa ne ya zauna a ajiyar, kowa ya biyo baya aka yi masa da shi. Kwana uku ana haka kafin wani ɗan sari ya kira yana faɗa an cuce shi a kan katan ɗin sabulu. Waɗanda aka yi wa araha kuwa ko ɗaya bai kira ba. Mun kwana biyu muna warware takardu, kuma abin da ya fi min ciwo, manhajar ba ta taɓa yin kuskure ko ɗaya da za a gani a fayil ɗin rahoto ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kwanan wata shi ne ɓangaren mabuɗin da aka fi mantawa. Ka tuna ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A daren da ya biyo baya, manhaja irin taka za ta ci karo da cinikin ranar, da cinikin Janairu da wani reshe ya makara bai turo ba saboda matsalar netwok, da kayan da aka sayar a Janairu aka dawo da su a Fabrairu. Wanda ya ajiye "harajin yanzu" a wuri ɗaya zai yi wa dukkansu kuɗin goro. Abin yi shi ne ka loda tarihin harajin duka, kowane da ranar da ya fara aiki. A Java, TreeMap, ma'ajin da ke jera mabuɗansa, ya dace da wannan: ranar farawa ita ce mabuɗi, sai ka kira floorEntry da ranar cinikin, ya ba ka na ƙarshen da ya fara aiki a ranar ko kafin ta. Farashi da kason dillali ma haka, HashMap a waje bisa kaya da aji, TreeMap a ciki bisa rana. Kuma ka lura ko ranar cinikin tana ɗauke da awa da minti, domin DATE na Oracle yana ɗauke da su, kuma nan ake samun saɓani a ranar canji.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da rumbu ke yafe maka amma HashMap ba ya yafewa. Idan lambar kaya CHAR(10) ce, wato rubutu mai gurbi goma, a wani tebur, CHAR(12) a wani, Oracle yana cike gajeren da sarari kafin ya kwatanta su, ya ga ɗaya ne. Java kuwa zai karɓo su da sararinsu a wutsiya ya ce ba su san juna ba. Sai ka datse su wuri ɗaya, lokacin ajiyewa da lokacin nema. Haka BigDecimal: 2.0 da 2.00 ba daidai suke ba a wajen equals, don haka kada ka sa shi a mabuɗi kai tsaye. Ga kuma "007" da 7, idan wani tebur rubutu ne wani lamba. Sannan Oracle yana ɗaukar rubutu marar komai a matsayin NULL, abin da Java bai sani ba. Irin waɗannan ba su da yawa, amma kowanne ya isa ya sa ka kwana a ofis.

Wani abin da ake mantawa: ka ajiye har da amsar "babu". Idan wani reshe yana turo layuka dubu talatin da tsohuwar lambar dillali da aka goge, kuma manhajarka tana cewa "ban gani a ajiya ba, bari in tambayi rumbu", to za ta tambaya sau dubu talatin ta ji babu sau dubu talatin. Ka sa wata alama a ajiyar da ke nufin an nema ba a samu ba. Ka yi hattara da computeIfAbsent a nan, domin idan aikin ya dawo da null ba ya ajiye komai, a layi na gaba ma sai ya sake tafiya.

To masu saye fa, dubu sittin? A gaskiya su ma za su shiga memori ba tare da wahala ba. Amma bari in amsa kamar miliyan biyar ne, tunda kamfani girma yake yi. Hanya ɗaya ita ce ajiya mai iyaka: ba a loda komai da farko, duk wanda aka nema a ajiye shi, idan wuri ya cika a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. LinkedHashMap yana yin wannan idan ka gina shi bisa tsarin taɓawa ka sake rubuta removeEldestEntry, kuma akwai Caffeine ga mai son wanda aka riga aka ƙera. Sai dai ni na fi son tsohuwar hanya, wato jerawa. Ka sa ORDER BY lambar mai saye a babbar tambayar, duk cinikin mutum ɗaya ya zo a jere. Manhajar ta riƙe mai saye ɗaya tak a hannu. Layi ya zo, idan lambarsa ɗaya da ta wanda ke hannu a ci gaba, idan ta canza a ɗauko sabo. Tambaya 800,000 ta koma yawan waɗanda suka yi sayayya a ranar, memori kuma na mutum ɗaya. Haka aka yi aiki zamanin da bayanai ke kan faifan tef, wanda ba a iya tsallakawa tsakiyarsa: a jera fayil ɗin ciniki da na masu asusu bisa lamba ɗaya, a bi su tare daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya. Illarta ɗaya ce, abu ɗaya kawai za ka iya jerawa a kansa. Shi ya sa ake jerawa bisa tebur mafi girma, ƙananan a loda su.

Idan jerawar ma ba ta samu ba, sai a yi aiken a dunƙule. Ka tara layi ɗari biyar, ka tsamo lambobin masu sayensu ba maimaici, ka tambaye su da IN a tafiya ɗaya. Ka san dai Oracle ya daɗe da iyakance jerin IN a kan abu 1,000, ka wuce ya jefo maka ORA-01795, sai a sigar 23 aka ɗaga iyakar. SQL Server kuma yana tsayawa a sigogi 2,100. Kuma duk tsawon jeri daban, tambaya ce daban a idon Oracle da sai ya sake nazarinta, don haka ka tsayar da tsawo ɗaya, idan rukunin ƙarshe bai cika ba ka cike shi da maimaita lambar ƙarshe. Masu manhajar SAP suna da irin wannan a yarensu na ABAP, FOR ALL ENTRIES, da sanannen tarkonsa: idan jerin ya zo fanko sai ya watsar da sharaɗin ya kwaso tebur ɗin gaba ɗaya. Darasin ya shafe ka ko ba ka taɓa ganin SAP ba, ka duba me manhajarka ke yi idan rukuni ya zo ba kowa.

Akwai wasu tafiye-tafiye da ba ka lissafa a cikin shidan ba. Direban JDBC na Oracle, idan ba ka ce masa komai ba, layi goma yake ɗaukowa a kowace tafiya. Karanto layukanka 800,000 kaɗai tafiya 80,000 ce. Ka kira setFetchSize da 1,000 ta koma 800. Layi ɗaya ne na rubutu, kuma da shi zan fara ranar Litinin. Ɓangaren rubutawa ma haka: idan kowane layi yana da INSERT ɗinsa da COMMIT ɗinsa, wato zubawa da tabbatarwa, ka koma addBatch da executeBatch, ka riƙa yin COMMIT bayan kowane rukuni, domin kowane COMMIT sai ya jira an rubuta a faifai. Idan kuma kana zuwa karɓo NEXTVAL, wato lamba ta gaba da za a ba sabon layi, kafin kowane INSERT, ka sa shi cikin INSERT ɗin kansa. Sannan ka duba ko ana buɗe PreparedStatement sabo a cikin zagayen. A buɗe shi sau ɗaya a waje. Idan Hibernate, mai rubuta muku SQL da kansa, kuke amfani da shi, ka kunna nuna SQL na minti ɗaya ka kalla. Sau da yawa za ka tarar tambayoyin sun fi shida, domin duk inda aka rubuta getMaiSaye yana iya zama tafiya a ɓoye. Wannan ita ce matsalar da ake kira N+1.

Sai abin da ba a ajiyewa. Duk abin da manhajar kanta ke canzawa tana cikin tafiya, kamar ragowar kaya a sito ko bashin da ake bin mai saye, ba irin sunan reshe ba ne. Idan ka karanto bashin mutum da ƙarfe biyu ka riƙe, layinsa na goma zai yi lissafi da tsohuwar lamba. Ko dai ka bar wannan a rumbu, ko ka riƙe jimlar a hannu kana sabunta ta, ka rubuta sau ɗaya idan an gama da mutumin, wanda jerawar da na ambata take sauƙaƙawa. Amma wannan na biyun yana da sharaɗi: ya zama ba wani mai taɓa layin a lokacin. Idan akwai reshen da ke karɓar kuɗi da asuba, ko kuna tafiyar da manhajar kashi huɗu a lokaci guda, to ku raba aikin bisa mai saye yadda biyu ba za su haɗu a kan mutum ɗaya ba, kuma ku rubuta canjin a matsayin ƙari a kan abin da ke rumbu, kada ku danne shi da lambar da ke hannunku.

Farashi kuma yana tsakiya. Idan wani ya canza farashi ƙarfe huɗu na asuba, tsohuwar manhajar za ta yi rabin dare da tsoho rabi da sabo, sabuwar kuwa za ta gama da wanda ta loda da farko. A ganina na biyun ya fi tsabta, amma ba kai ne mai yanke wannan ba. Ka je wurin akanta ka faɗa masa da baki, ya amince a rubuce. Kuma ajiyar ta mutu tare da aikin daren. Kada a bar ta a cikin wata manhaja mai kwana a kunne har gobe ta tashi da farashin jiya.

Za a kawo maka shawarar Redis, wata manhajar ajiya mai zaman kanta. Yana da amfaninsa inda manhajoji da yawa ke raba ajiya ɗaya, amma a naka yanayin shi ma a ƙetaren netwok yake, an dai canza wa yaron kanti ne. Haka RESULT_CACHE da Oracle ya kawo a 11g: yana taimakon wanda aikinsa ke gudana cikin PL/SQL, kai da kake kira daga Java sai ka yi tafiyar kafin ka amfana. Raba aikin ga zare takwas, wato kashi takwas masu gudana a lokaci guda, kuwa zai rage lokaci, amma tambaya miliyan 4.8 suna nan, an dai tura yara takwas ne. Ka bar shi sai bayan ka rage tafiyar, idan har a lokacin akwai sauran buƙata.

Kada ka yarda da gyaran sai ka gwada shi a kan kwafin bayanan gaske, ba na gwaji ba, ka ga abin da ya same ni. Ka zaɓi dare uku: na yau da kullum, na ƙarshen wata, da wanda aka canza farashi a cikinsa. Ka tafiyar da tsohuwar da sabuwar, kowace ta zuba a teburinta, sannan ka yi MINUS, umarnin SQL mai fito da bambancin sakamako biyu, ta kowane ɓangare, tsoho ban da sabo, sabo ban da tsoho. Duka biyun su dawo ba layi ko ɗaya, ka kuma gwama yawan layukan, tunda MINUS ba ya nuna maimaici. Daidaiton jimla kaɗai ba ya isa, domin kuskure biyu kan rufe wa juna asiri. Idan bambanci ya fito, kada ka yi saurin zargin sabuwar; wani lokaci tsohuwar ce ke ɗaukar farashin da ya fara zuwa hannunta ba bisa wata doka ba, kuma sai yanzu abin ya fito fili. Wannan ma na akanta ne.

A ƙarshen kowane dare, manhajar ta rubuta layi ɗaya ga kowace ajiya: abu nawa ta loda, sau nawa aka nema, sau nawa aka samu, sau nawa aka ce babu. Ka yi gyaran ɗaya bayan ɗaya kana auna lokaci, setFetchSize da executeBatch da farko, sai rassa da dillalai da kaya, sai haraji da farashi da ranakunsu, mai saye a ƙarshe. Idan ka kai nan ka turo min sabon fayil ɗin tkprof tare da takardar nan mai lamba biyu, mu ga abin da ya rage a cikin awa ɗayan.